Kilo nawa na alkama hekta ke ci, kuma yaya ake saita injin shuka?

Mai Tambaya:
Assalamu alaikum. Injina mai layi 15 ne, tsakanin layi da layi santimita 20. Akwai jadawali a jikin murfin akwatin iri, amma an ce kada in dogara da shi. Kilo nawa na alkama ya kamata in zuba a hekta ɗaya, kuma ta yaya zan tabbatar abin da injin ke zubawa ke nan?

Malamin Gona:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara da yawan tsiron da kake so, kilo zai fito da kansa. A ce tsiro 250 kake nema a kowace murabba'in mita. Ƙirga ƙwaya 1,000 ka ɗora a sikeli. Idan giram 40 ce, to 250 sau 40, a raba da 100, ya ba ka kilo 100 a hekta, da a ce kowace ƙwaya za ta rayu.

Ba za ta rayu duka ba, shi ya sa gwajin tsiro ya zama dole. Jera ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen tsumma, ka yi haka kashi huɗu, ka ajiye a inuwa kada ya bushe, ka ƙirga masu lafiyayyen saiwa da kai a rana ta 8. A ce 90 suka tsira. A gona kuma wasu za su mutu saboda zurfi, ɓawon ƙasa ko ƙwari. Mu ɗauka 85 cikin 100 za su tsaya. 0.90 sau 0.85 ya zama 0.765. Raba kilo 100 ɗin nan da wannan: kilo 131 a hekta.

Dubi yadda girman ƙwaya ke juya lissafin. Da nauyinta giram 32 ne, kilo 105 ya isa. Da 48 ne, sai 157. Wanda ya riƙe adadi ɗaya yana amfani da shi ga kowane iri, wata shekara gonarsa ta cunkushe ta kwanta, wata shekara ta yi sarari ciyawa ta samu wuri. In shuka ta makara, a ƙara iri, domin alkamar ba za ta samu lokacin yin 'ya'ya daga gindi sosai ba.

Makanikin Tarakta:
An gama da lissafi, ga na inji. Jadawalin nan wurin farawa ne kawai, da wani iri daban aka gwada shi, a sabon inji.

Da farko auna tayar da ke juya sarƙar iri, amma a cikin gonar da aka gyara, ba da igiya a tsaye ba. Sa mata alama da alli, a ja injin ta juya sau 10, ka auna tafiyar. A ce mita 22.2, wato juyi ɗaya mita 2.22. Faɗin injinka mita 3 ne. Za mu gwada da kashi ɗaya cikin 50 na hekta, wato murabba'in mita 200, tafiyar mita 66.7, juyi 30 ke nan daidai.

Kashe tarakta, ɗaga tayar da jak, ka tokare da katako. Zuba iri ya kai rabin akwati. Juya tayar sau biyar ko shida har kowane bututu ya fara zuba, ka kwashe wannan ka mayar. Mutane da yawa nan suke kuskure: sukan fara ƙirga da kofunan iri babu komai, awo ya fito ƙasa, su buɗe saiti fiye da kima. Sai ka ɗaura leda a bakin kowane bututu ka yi juyi 30 cikin kamar daƙiƙa 40, wanda ya yi daidai da gudun kilomita 6 a awa.

Jimilla ya kamata ta zama kilo 2.62, wato kilo 131 a raba da 50, kowace leda giram 175. Auna su ɗai-ɗai, kada ka haɗa, don jimilla na iya yin daidai alhali layi ɗaya yana kwarara wani yana ɗigo. Ledar da ta kauce da fiye da giram 9, duba kofinta: ko haƙoran rolar da ke tura iri sun cinye, ko ƙofar ƙasa ba ta daidai da sauran, ko yanar gizo-gizo da datti sun toshe bututun. Hannun saiti yana da lago, saboda haka kullum ka kawo shi kan lamba daga ɓangare ɗaya. Maimaita sau uku.

Mai Noman Iri:
Ƙari kaɗan, 'yan'uwa. A yi gwajin da irin da aka riga aka sa wa magani, don maganin yana rage masa santsi, zubarsa ta ragu. A sa safar hannu.

Ni dai ban gamsu da gwajin jak shi kaɗai ba, taya tana sulɓi a sassauƙar ƙasa, kuma iskarta in ta ragu juyin yana canzawa. Bayan an shuka mita 50, tsaya ka tone mita ɗaya na layi a wurare uku: ƙwaya kusan 65 ya kamata ka samu. A nan ne za ka duba zurfi, santimita 3 zuwa 5. Gajerun nau'o'in alkama kuben da ke rufe ganyensu na farko gajere ne, in aka binne su fiye da haka ganyen yakan buɗe a ƙarƙashin ƙasa ya yi rawaya ya mutu.

Mai Tambaya:
Allah ya saka da alheri. In na canza iri a tsakiyar aiki fa?

Makanikin Tarakta:
Sake awon ƙwaya 1,000, sake juyi 30. Aikin minti 20 ne.