Jirgina yana kifewa da zarar na ɗaga totur, ku taimaka mini da shawara

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema a kan jirgi maras matuƙi mai farfela huɗu da na haɗa da hannuna, kuma shi ne na farko da na taɓa haɗawa. Farfelarsa inci 5 ce, batir 4S (mai sel huɗu a jere), ƙwaƙwalwarsa, wato allon da ke sarrafa tashinsa, F405 ce mai ɗauke da manhajar Betaflight, a ƙarƙashinta kuma allon ESC guda mai kula da gudun injina huɗun. Yana jin rimot lafiya, yana ɗanuwa (wato yana shiga shirin tashi), injinan duka suna juyawa. Amma da na ɗan ɗaga totur sai ya wuntsila gefe guda ya kife. Sau uku ke nan, na karya farfela biyar. A karo na huɗu injinan suka yi kuka suka mutu da kansu, sai ga rubutun RUNAWAY a gilashin da nake sawa in ga hoton kyamarar jirgin.

Akwai kuma abin da ya ƙara ɗaure mini kai. Na cire farfelun na gwada shi a kan tebur, sai na ga injina biyu suna ta ƙara gudu su kaɗai, ko na sauke totur ba sa saurin lafawa. Shin ƙwaƙwalwar ce ta lalace ko injinan? Na daɗe ina tara kayan nan, ba na son in ƙone wani abu saboda rashin sani.

Mai Son Gudu:
Wa'alaikumus salam. Ina jin PID ɗinka, wato lambobin P, I da D da ke saita ƙarfin gyaran da ƙwaƙwalwar ke yi, shi ne ya yi yawa. Ka rage P da D, sannan ka yi wa ESC ɗin saitin totur daga ƙasa zuwa sama don injinan su tashi tare.

Tsohon Hannu:
Mai Son Gudu, ka yi haƙuri ɗan'uwa, ban goyi bayan wannan ba. Lambobin PID da Betaflight ke zuwa da su suna tayar da jirgi mai inci 5 ba tare da an taɓa komai ba. PID mara kyau yana sa jirgi kakkarwa ko laushi a sama, amma ba ya kifar da shi tun yana ƙasa. Saitin totur na ESC kuwa na zamanin PWM da Oneshot ne, tsofaffin hanyoyin aika wa ESC umarni. Wanda ke kan sabuwar hanyar, DShot300 ko DShot600, ba ya buƙatarsa, domin lambobi ake aika wa ESC kai tsaye, babu abin da za a daidaita.

Kai kuma Sabon Shiga ƙanena, kafin komai cire farfelun nan duka huɗu, kada ka mayar da su sai an gama. Na ga yadda farfela ke tsaga yatsa, ba abin wasa ba ne.

Ka fahimci yadda ƙwaƙwalwar ke aiki, sauran zai zo maka da sauƙi. A cikinta akwai jairo, wato abin da ke jin juyawar jirgi, tana karanta shi sau dubbai a daƙiƙa guda. In ta ji jirgin ya karkata dama, sai ta ƙara wa injinan dama ƙarfi don ya miƙe. To ka ɗauka abin da take kira dama a zahiri gaba ne ko hagu. Za ta ƙara ƙarfi a inda bai kamata ba, karkatar ta ƙaru, ta sake ƙarawa, kafin ƙiftawar ido ya kife. RUNAWAY ɗin da ka gani kariya ce: ta lura tana ta gyara amma abin sai ƙaruwa yake, shi ne ta kashe injinan. Wannan alama ce cewa ƙwaƙwalwar jirginka lafiyarta ƙalau.

Fara da shafin Setup na manhajar saita Betaflight da ke kan kwamfuta. Jona kebul, ka riƙe jirgin gabansa yana kallon kwamfuta. Sunkuyar da hancinsa, hoton jirgin da ke allo shi ma ya sunkuyar da hanci. Karkata shi dama, hoton ya karkata dama. In suka saɓa, ka gano ɓarawon. Akwai 'yar kibiya a jikin allon ƙwaƙwalwar, ita ke nuna gaba. Sababbin shiga da yawa suna juya allon don ramin USB ya fito ta gefen da hannu zai kai. Babu laifi a yin hakan, laifin shi ne rashin gaya wa manhajar. Ina kibiyarka take kallo?

Daga nan ka wuce shafin Motors da batir a jone. A tsarin Betaflight inji na 1 shi ne na baya dama, na 2 gaba dama, na 3 baya hagu, na 4 gaba hagu. Tayar da su ɗaya bayan ɗaya ka ga ko wanda ka kira ne ya amsa. In ba ka canza komai ba, na 1 da na 4 suna bin juyawar hannun agogo, na 2 da na 3 suna saɓa masa. Kada ka dogara da ido, ɗan taɓa gefen injin da takarda ka ga inda yake tura ta. Wanda ya juya a baibai, ko dai ka musanya kowaɗanne biyu daga wayoyinsa uku, ko ka gyara a cikin manhajar, tun fitowar 4.3 a 2022 akwai wurin yin haka a shafin Motors ɗin.

Farfela ita ce ta ƙarshe. Iri biyu ce, mai bin hannun agogo da mai saɓa masa, kuma gefen da ya fi tudu shi ne ke shiga iska da farko. Guda ɗaya tak in ta hau injin da ba nata ba, ta isa ta kifar da jirgi.

Mai Dalma:
Duk abin da Malam ya faɗa haka yake. Ƙarin da zan yi a kan jerin injina: ba allon ƙwaƙwalwa ne ke tantance shi ba, allon ESC ne. In shi ka juya don wayar batir ta fita ta wani gefen, lambobin sun zagaya ke nan, ko da kibiyar sama tana kallon gaba.

Batun injina masu ƙara gudu a kan tebur kuwa, kwantar da hankalinka. Ƙwaƙwalwar tana ba da umarnin gyara, babu farfela balle jirgin ya motsa, sai ta ci gaba da ƙarawa tana jiran amsa. Kowane jirgi haka yake yi in babu farfela, musamman da Airmode a kunne, wato saitin da ke sa gyaran ya ci gaba ko totur yana ƙasa. In kana son sanin lafiyar inji, a shafin Motors ake gwadawa, can babu wani gyara da ke shiga tsakani.

Kafin ka canza komai, shiga CLI, wato shafin rubuta umarni, ka rubuta diff all, ka kwafe saitin da ya fito ka adana. Ranar da saiti ya rikice za ka gode wa kanka.

Sabon Shiga:
Allah Ya saka muku da alheri. Malam Tsohon Hannu, kamar kana tsaye a kaina lokacin da nake haɗawa. Kibiyar dama take kallo, na juya allon ne saboda ramin USB. Da na sunkuyar da hanci sai hoton ya karkata gefe. Na sa digiri 90 a gurbin yaw (juyawa dama ko hagu) na daidaita allo, na adana, yanzu hoton yana bin hannuna sak. Jerin injinan daidai yake, amma na 3 a baibai yake juyawa, na gyara shi ma.

Na fita fili da yamma, ya tashi ya tsaya a sama kamar minti ɗaya. Ban san yadda zan kwatanta muku farin cikin ba. Sai dai da na sauke shi na taɓa injinan, uku ɗumi kawai suka yi, na 2 kuwa ba ya taɓuwa don zafi. Yanzu ne lokacin rage D ɗin?

Ɗalibar Lantarki:
Barka da arziki, Yaya. Kada ka sake tashinsa tukuna. Da a ce D ne ya yi yawa ko girgiza ke shiga jairo, da injinan huɗu ne za su yi zafi tare. Guda ɗaya shi kaɗai yana nuna matsalar a jikinsa take. Abin da na fi zargi shi ne sukurorin da suka ɗaure shi da firam. In ɗaya ya yi tsawo, bakinsa yana taɓa naɗin wayar tagulla da ke ciki, ya kankare fentin da ke kanta, wuta ta riƙa bi ta firam, tunda kabon da aka yi firam ɗin da shi yana barin wutar lantarki ta wuce. Cire batir, ka sa mitar awon lantarki a kan gwajin ƙara, wanda ke nuna ko wurare biyu suna haɗe, baki ɗaya a kan sukuru, ɗayan a kan wayar injin. In ta yi ƙara, shi ne. Sukuru ya ɗara kaurin hannun firam da kamar milimita 2 ko 3 kawai. Ni inji biyu na rasa a haka kafin in gane, shi ya sa abin yake damuna in na gani. Ka kuma murza shi da yatsa ka kwatanta da sauran, domin kifewa uku na iya lanƙwasa sandar tsakiya.

Shin ka liƙa kafasita a inda wayar batir ke shiga ESC? Mai 35V, tsakanin 470 zuwa 1000µF, ƙafafunta gajeru. Cikakken 4S yana kai 16.8V, amma lokacin da injina ke taka birki wutar tana tsalle sama da haka, kafasitar ce ke shanye tsallen.

Tsohon Hannu:
Ta faɗi gaskiya, bi abin da ta ce. Sai abu ɗaya da ban ji ka ambata ba, kuma ya fi duk waɗannan muhimmanci a wurina: me jirgin zai yi in ya daina jin rimot? Cire farfela, ɗana shi, ɗan ɗaga totur, sannan ka kashe rimot ɗin gaba ɗaya. Injinan su tsaya cikin kamar daƙiƙa biyu. In suka ci gaba da juyawa, kada ya bar ƙasa sai ka gyara shafin Failsafe. Ka kuma saba da ajiye yatsa a kan makunnin kashewa, kuma ka yi nesa da mutane in za ka gwada.

Mai Son Gudu:
Na karɓi gyara, Malam. Nawa jirgin tsoho ne mai Oneshot, shi ya sa na kawo batun saitin totur.

Sabon Shiga:
Ƙanwata, mitar ta yi ƙara a sukuru ɗaya cikin huɗun. Na ciro shi, ya fi sauran tsawo, ashe na haɗa shi da na wani wurin. Na haska ciki na ga ɗan tabo a jikin tagullar, amma ba ta yi baƙi ba. Na sa gajere, mitar ta yi shiru. Kafasita tana nan cikin kwalinta, yau zan liƙa ta. Gwajin kashe rimot ma na yi, injinan sun tsaya.

Tambayata ta ƙarshe: injin nan mai tabo, in ci gaba da shi ko in canza?

Ɗalibar Lantarki:
Tashe shi na daƙiƙa 30 kusa da ƙasa, ka sauke ka taɓa. In ɗuminsa ɗaya da na sauran, kuma babu warin ƙuna, ƙara zuwa minti ɗaya ka sake taɓawa. In har yanzu ya fi su zafi, canza shi, domin inji mai gajeren haɗi a ciki yana iya tafiya da ESC, kuma naka allo ɗaya ne na injina huɗu.