Akwatin ɗumama ɗaki da zafin rana, yana aiki kuwa ko labari ne kawai?

Baban_Walid:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah masu ilimin harkar sola a taimaka min da shawara. Ɗakin da mahaifiyarmu take kwana sanyi ne da shi ba na wasa ba in lokacin sanyi ya shigo, ita kuma ga shekaru ga ciwon ƙafa. Hita na lantarki in na jona a inbata kafin kace me batir ya sauka, na gas ko garwashi kuma gaskiya tsoro nake ji a ɗaki rufe. To shine wani abokin aikina yake ce min wai akwai akwati da ake haɗawa, cikinsa baƙi fuskarsa gilashi, a kafa a jikin bango rana ta dinga dukansa iska mai ɗumi na shiga ɗaki, ba batir ba waya ba komai. Shin da gaske ne? In da gaske ne wane girma zan yi, wane bango zan sa, sannan in rana ta faɗi fa? Ɗakin mita 4 ne da mita 4. Na gode.

Injiniya_Sola:

Wa alaikumus salam Malam Baban Walid, Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Abokinka bai yi maka ƙarya ba, abin yana aiki kuma ba sabon abu bane, tun 1881 wani Ba'amurke Edward Morse ya yi rajistar irin wannan tsari. Yadda kake buɗe motar da aka bari a rana gilasai a rufe kaji zafi ya dake ka, to shine dai, haske yana ratsa gilashi ya faɗa kan baƙin ƙarfe ya zama zafi, gilashin kuma ya hana shi ficewa da sauri. Sai ka huda bango wuri biyu, ɗaya ƙasa ɗaya sama. Iskar ɗaki mai sanyi ta shiga akwatin ta ƙasa, ta goge jikin ƙarfen ta ɗauki zafi, ta yi sama da kanta tunda iska mai zafi ta fi rashin nauyi, ta dawo ɗaki ta ramin sama.

Batun batirinka ba laifinsa bane. Batir mai 200Ah 12V wat 2400 na awa ɗaya yake riƙewa, in irin mai ruwa ne ma rabi kawai ya kamata ka ja, hita kuma wat 1500 yake ci, kaga ko awa ɗaya ba zai kai ba. Maida rana lantarki sannan a maida lantarkin zafi asara ce, fanel wajen kashi 20 cikin ɗari na hasken yake kamawa, shi kuwa akwatin nan in an haɗa shi da kyau yana kama wajen rabi.

Lissafin kuwa, tsakar rana sama garau rana tana zuba kusan wat 1000 a kowane murabba'in mita da ya fuskance ta sosai. Mu ɗauka 800 saboda ƙura da karkata. Akwati mita 1 da mita 2 ya samu 1600 kenan, rabinsa 800 shine zai shigo maka ɗaki. A wuni mai rana sosai ka sa ran yunit 3 zuwa 4 irin na mitar wuta, wato kamar ka kunna hitan nan naka awa biyu da ɗoriya. Wa ɗaki 4 da 4 wannan girman ya yi, kar ka yi ƙasa da haka sosai.

Bango kuma, in kana arewa da layin ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu arewa da kudu, ka fuskantar da shi kudu, in kana kudu da layin ka fuskantar da shi arewa, don lokacin sanyi rana can take karkata. Kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya ka je ka tsaya jikin bangon ƙarfe 9, 12 da 3 ka duba ko inuwar bishiya, katanga ko bakin rufi tana faɗa masa. In inuwa na cinye shi a waɗannan awannin to a bar maganar ko a nemi wani wuri.

Maman_Ikram:

Mu muna da shi, maigidana ne ya haɗa da wani mai walda. Abinda zan ce maka tsakani da Allah, da rana kam ba magana, daga hantsi in ka ɗora hannu a bakin ramin sama zaka ji iska ɗumi-ɗumi tana fitowa a hankali, zuwa azahar har sai ka janye hannun. Amma dai kar ka sa rai zai yi wa Mama maganin sanyin asuba shi kaɗai, rana na faɗuwa shikenan ya tashi daga aiki, ranar da hadari ko hazo ya rufe sama ma kusan hutu yake.

Abu biyu ka kula. Na farko da daddare abin juyawa yake, gilashin ya yi sanyi ƙalau iskar ciki ta yi nauyi ta gangaro ta fito ta ramin ƙasa, sai ya koma yana hura muku sanyi a ƙafa. Namu an sa masa ƴar raga a bakin ramin sama ta cikin ɗaki, aka rataya leda mai laushi sosai a kanta an manne ta ta sama kawai, da rana zaka ganta ta ɗaga tana kaɗawa, da yamma ta koma ta lafe a jikin ragar ta toshe. Duk da haka ni dai in magariba ta yi ina tura marfin katako na rufe duka biyun, hankalina ya fi kwanciya. Na biyu warin fenti. Ku bar akwatin a rana a waje kwanaki a buɗe ya gasu ya gama fitar da warinsa kafin ku haɗa da ɗaki, musamman ɗakin tsohuwa. Sai goge gilashi, ƙura in ta kwanta zaka ji ɗumin ya ragu da kanka ba sai an faɗa maka ba.

Kafinta_Usaini:

Alhaji ni ta ɓangaren aikin hannu zan shigo. Zaka gani a bidiyo mutane na tara gwangwanin lemo ɗaruruwa suna huda gindi suna manne su da silikon, sannan su soka ma'aunin zafi a bakin bututu su nuna maka digiri 70 ko 80 ana ta tafi. Yana aiki amma wahalar ta fi ribar. Kwanon rufi ko falen aluminiyam da aka yi wa baƙin fenti mara sheƙi irin mai jure zafi ya isa, ko kuma ragar taga ta ƙarfe baƙa ninki biyu ko uku a ja ta a karkace cikin akwatin yadda dole iska ta ratsa ta cikinta, wannan ma ta fi sauƙin aiki kuma ba ta danne iska sosai.

Inda mutane ke kwafsawa shine bayan akwatin da gefensa. In baka sa abin tare zafi ba rabin abinda ka kama ta baya zai gudu. Amma wallahi kar ka sa farin soson nan da ake sako firji ko talabijin a ciki, cikin akwatin in iska bata tafiya yana wuce digiri 100, soson zai lanƙwaye ya narke yana wari. Audugar gilashi ko ta dutse zaka nema kaurin santimita 5, ka rufe fuskarta ruf da falen ƙarfe kada burbushinta ya bi iska ya shiga ɗaki. Gilashi kuma in da hali mai ƙwari irin wanda in ya fashe yake zama tsakuwa-tsakuwa, ko roba polikabonet mai jure rana, leda ko roba ta gama-gari shekara ɗaya ta yi ja ta tsage. Ka bar wa gilashin ɗan wuri a firam don yana buɗewa in ya ji zafi. Kuma ramukan bango a karkata su kaɗan zuwa waje a toshe gefensu da kyau saboda ruwan sama, a sa raga kada ƙadangare da zanzaro su maida shi gida.

Amma kafin duk wannan ka duba ɗakin kansa. Akwai silin? Ƙasan ƙofa akwai rata? Tagar tana rufuwa gam? Ɗakin da iska ke shiga ta ko'ina ko akwati uku ka kafa masa ba zai riƙe ɗumi ba.

Baban_Walid:

Kai madalla, Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Akwai silin amma ƙasan ƙofar gaskiya yatsa biyu zai shiga, zan fara da nan. Injiniya to batun daren ne dai ya tsaya min a rai tunda matsalar tamu daga tsakar dare zuwa asuba ce. In na cika akwatin da duwatsu baƙaƙe ba za su riƙe zafin su dinga saki da daddare ba? Sannan Malam Usaini kace digiri 80 ba abin tafi bane, ni na ɗauka iyakar zafin iyakar kyan aikin?

Injiniya_Sola:

Bari na amsa ta biyun tukunna don nan ne kusan kowa ke ruɗewa. Abinda ke ɗumama ɗaki ba zafin iskar kaɗai bane, zafin ne a ninka da yawan iskar da ke wucewa. In ka toshe hanya iska na fita kaɗan-kaɗan ma'auni zai nuna 80, amma ƙarfen ya yi zafi sosai yana zubar da yawancin zafin ta gilashi zuwa waje. In iska na gudu da yawa ƙarfen baya samun damar yin zafi haka, asara ta ragu, ɗaki ya fi samu. Misali iska mita kubik 100 a awa tana ɗaukar wajen wat 33 a kowane digiri ɗaya da ta ƙaru, kaga wat 800 ɗin nan zai ɗaga ta digiri 24, ta shiga a 18 ta fito a 42. Wannan 42 ɗin mai yawa ta fi 80 ɗin da ke tsiyaya. Shi yasa nake ba da shawarar fanka, irin ta kwamfuta mai 12V guda biyu, ka jona su kai tsaye da ƙaramin fanel mai wat 10 ko 20 ba batir a tsakani. Rana ta fito su tashi, ta yi ƙarfi su ƙara gudu, ta faɗi su tsaya. Ramuka kuma kar su gaza faɗin santimita 15, in ba fanka zaka sa ba ma su fi haka sosai.

Duwatsu a cikin akwatin a'a. Akwatin a waje yake, gilashi ɗaya ne tsakaninsa da sanyin dare, abinda duwatsun suka tara waje za su saki, kuma da safe sai sun gama shan nasu kafin ɗaki ya samu. Ma'ajiyar zafi a cikin ɗaki ake sonta. Iska ba ta riƙe komai, duk iskar ɗakinka mita kubik 48 (in tsayinsa mita 3 ne) in ka ɗaga ta digiri 10 bata kai kashi ɗaya cikin biyar na yunit ba, amma duro ɗaya na ruwa lita 200 da ya ƙaru da digiri 10 ya riƙe sama da yunit 2. Bangon bulo da daɓen siminti su ma suna sha suna ajiyewa. Don haka dabarar ita ce da rana a rufe ƙofa da taga a bar akwatin ya yi ta ɗura wa bango da ƙasa ɗumi wuni guda, magariba a rufe ramuka a saki labule mai kauri. Ba zai zama kamar an kunna hita ba, amma ɗakin da ya kwana da bango mai ɗumi daban yake da wanda ya wuni a buɗe.

In dare ne ainihin damuwarka akwai wanda ya fi dacewa, bangon Trombe, sunan Félix Trombe ne Bafaranshen da suka gina gida mai irin wannan bangon a Odeillo ta ƙasar Faransa a 1967 tare da mai zanen gini Jacques Michel. Maimakon ƙarfe, bangon ɗakin kansa ake yi wa baƙin fenti ta waje a sa gilashi a gabansa da ƴar rata. Zafi yana ratsa siminti kusan inci ɗaya a awa, bango mai kaurin santimita 20, wato wajen inci 8, zafin tsakar rana sai wajen ƙarfe 8 na dare yake isowa ciki. Sharaɗin dai bangon ya zama cikakke, dutse, tubali ko kankare, bulo mai rami a ciki baya yi sosai.

Sadiya_Fiziks:

Yallaɓai Injiniya ka manta da kusurwa, kuma tana iya canza shawarar gaba ɗaya. Manna akwati a miƙe jikin bango tsarin ƙasashe masu nisa da ikwaita ne. A arewacin ikwaita ranar 21 ga Disamba tsayin rana da tsakar rana shine digiri 90 a cire latitud ɗin wurin (wato nisansa daga ikwaita a digiri) a cire 23.5. Wanda ke latitud 50 rana tana digiri 16.5 ne kacal sama da ƙasa, tana kallon bango ido da ido. Wanda ke latitud 10 kuwa tana 56.5, bango miƙaƙƙe ɗan fiye da rabin hasken kawai zai samu, in akwai bakin rufi da ya leƙo ma inuwa ta cinye samansa. Irin wannan wurin gara a kwantar da akwatin a karkace, kusurwarsa daga ƙasa ta zama latitud a ƙara digiri 15, a kan ƙafafu ko kan rufi a jawo da bututu gajere wanda aka naɗe, kuma nan fanka ta zama dole don iska mai zafi ba za ta sauko ƙasa da kanta ba. Baban Walid ka duba latitud ɗinka a taswirar waya kafin ka kira mai huda bango.

Sai lokacin zafi, kar a barshi a rufe rana na dukansa wata da watanni, silikon da katako za su gaji. A lulluɓe shi da farin tampol ko falle, ko a yi masa ƙofa ta sama mai buɗewa waje, a rufe ramin sama na ɗaki a bar na ƙasa, sai ya koma yana zuƙo iskar ɗakin yana fitarwa.

Kafinta_Usaini:

Maganar Malama Sadiya haka take. Ƙari ɗaya kan fanka, a sa ta a ramin ƙasa inda iska ke da sanyi, fankar kwamfuta roba ce in ka sa ta a bakin sama ranar da akwatin ya yi zafi sosai za ta lanƙwashe. Sai dai in tana turawa daga ƙasa duk wata ƴar kafa a jikin akwatin iska mai ɗumi za ta bi ta fice, don haka bayan an gama haɗawa a kunna ta a toshe bakin sama da tsumma, a bi gefe-gefen da jiƙaƙƙen hannu, inda kaji iska na busowa a cike da silikon.