Zaman hirarmu ya fara tayar wa wani ƙaninmu da tsohon ciwo, ya za mu yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar duk wanda ya taɓa riƙe irin wannan zama.

Mu 'yan kaɗan ne a Agege, yawanci 'yan acaɓa da masu faci, kuma da damanmu sun baro Gwoza ne tun 2014, lokacin da Boko Haram ta kama garin. Bayan sallar Isha'i muke zama gaban shago, a sha shayi, kowa ya amayar da abin da ke cinsa. Da farko ya yi amfani sosai, don wasu sun daɗe suna zaton su kaɗai ne gabansu ke faɗuwa idan tayar tirela ta fashe, ko yara suka fasa nokawut lokacin Kirsimeti.

Matsalar wani ƙaninmu ne. Da wani ya shiga labari dalla-dalla, sai jikinsa ya ɗau rawa, gumi ya karyo masa, ya tashi ya bar wurin. Daren nan ba barci, washegari ba aiki. Dattawa na cewa a daina tone-tone, a bar wa Allah. Ban ƙi addu'a ba, amma shekaru muka yi shiru ba mu warke ba.

To, a hana ba da labari dalla-dalla ne, a tsaya kan yadda mutum ke ji yanzu? Na kawo masa zancen asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Turancinsa kaɗan ne, Yarbanci kuwa babu. Don Allah, akwai wanda ya san likita ko ma'aikacin jinya mai jin Hausa a nan Legas da zai fara zama da shi?