Kano zuwa Jidda: awa nawa ne a jirgi?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Don Allah nisan Kano zuwa Jidda nawa ne? Tikiti ya nuna tashi 10 na dare, sauka 5 na asuba. Awa 7 ke nan?

Matuƙi:
Wa alaikumus salam. A miƙe kimanin kilomita 3,400 ne. Jirgi na cin wajen kilomita 850 a awa, ka haɗa da hawa da sauka, ya kama awa 4 da rabi zuwa 5. Agogon Saudiyya ya riga namu da awa 2, kuma tikiti lokacin garin sauka yake rubutawa. Cire biyun nan, saura 5.

Hajiyar Sabon Gari:
Malam, a ƙara da yaƙin Sudan. Tun 2023 jirage da yawa ke kauce wa sararin samaniyarta, zagayen kan ƙara lokaci. In ta Alƙahira ko Addis Ababa za ka bi kuwa, jiran canjin jirgi ne ke cinye yini.

Matuƙi:
Haka ne, Hajiya. In Umara za ka, ɗaura harami tun Kano, don a sama ake wuce miƙati.