Musayar waƙa: Gidan Blackwood, suna ko jini?

Kawu Ɗan Wusasa (Litinin da dare)
Salama gare ku 'yan dandali. Jigon wannan mako nawa ne: Blackwood Brothers, mawaƙan bishara na kudancin Amurka, irin waɗanda maza huɗu ke tsayawa kowa da muryarsa, daga tena (siririyar murya) zuwa bas (murya mai kauri), fiyano na bin su. Ƙwar huɗu za mu yi, amsa-amon waje "wa". Wanda ya karya doka ya sayi goro.

Ku matso kusa in yi muku bayani,
Na waɗansu maza na wancan zamani,
'Yan Misisipi, ƙasar zafi da rani,
Gidan Blackwood masu iya rerawa.

A 1934 suka fara,
Roy da Doyle da James 'yan bishara,
Da R.W. yaro mai basira,
Uku ciki ɗaya, na huɗu ɗan wa.

Talauci ya taso su daga gona,
Suka bi rediyo, Ayowa suka zauna,
Yaƙi ya zo, San Diyego suka kwana,
Jiragen sama suke taya ƙerawa.

Sarkin Zambo (Litinin da dare)
Kawu ka tashe mu da tsohon zance,
Waɗanda ka lissafa duk suna kwance,
Suna ya saura, mutane sun wuce,
Riga kake yabo, ba mai sakawa.

Na ji ka ran Lahadi kana jan bas,
Yara na dariya daga gefen gabas,
In haka Blackwood suke, to ni na fas,
Gara in ji kwaɗi suna amsawa.

'Yar Zumunta (Talata da safe)
Ƙanena, ba a yi wa Kawu haka a gabana.

Sarki goma zamani goma, ka manta?
In sarki ya kau ba a rushe sarauta,
Fada tana nan, wani zai gaje ta,
Kai ko gidanku ba abin gadarwa.

Kuma tunda ka ce sun wuce, zauna ka ji yadda biyu daga cikinsu suka wuce, ko bakinka zai yi sanyi. A 1950 suka tare a Memfis. A watan Yuni na 1954 suka ci gasar talabijin ta Arthur Godfrey, Amurka duk ta san su. Ran 30 ga wannan watan suna garin Clanton a jihar Alabama, za su yi waƙa a wani biki. Jirginsu na kansu ne. R.W. ya ce bari ya gwada tashi da sauka tun da sauran haske.

Memfis suka koma, suna ya tashi,
Gasar talabijin suka ci da karsashi,
Wata bai ƙare ba aka yi rashi,
A Clanton jirgi ya zo faɗowa.

R.W. ne yake tuƙin jirgin,
Bill Lyles mai bas na gefen matuƙin,
Jama'a na tsaye a bakin filin,
James na kallo wuta na kamawa.

Da wani saurayi ɗan garin a ciki,
Su uku suka tafi ana shirin biki,
Murya biyu ta ɓace a faifai da aiki,
Huɗu ta koma biyu kafin wayewa.

Gimbiyar Kagoro
Kai! Yaya ta gama magana. Sarkin Zambo, nemi ruwa ka sha.

Baban Larai
Gimbiya, ke ko Yaya ta yi atishawa sai ki ce ta yi baiti. Ɗango na uku a baitin ƙarshe ɗingishi yake. "A faifai da aiki" ɗin nan don ƙafiya kawai aka jawo shi.

Gimbiyar Kagoro
To kawo naka mu gani. Ba ka taɓa sa ɗango ɗaya a dandalin nan ba, sai gyaran na mutane.

Ɗan Maraɗi (Talata da yamma)
Ku bari in ɗora daga inda Yaya ta tsaya, don a nan gwanina ya shigo.

Cecil ƙanen mamaci ya tsaya gurbinsa,
J.D. Sumner aka ɗauko don bas ɗinsa,
Ƙasa na girgiza in ya buɗe ƙirjinsa,
Littafin Guinness ma ya yi shaidawa.

Shi ya kawo shawarar motar safa,
Da gadaje ciki, a miƙe a katifa,
Tun da jirgi ya zame musu masifa,
Suka bar sama, titi suke takawa.

Safar a 1955 ce, kuma daga kansu sauran mawaƙa suka ɗauki wannan dabara. A 1957 shi da James da Cecil suka kafa babban taron mawaƙa huɗu-huɗu, National Quartet Convention, a Memfis. Har yau ana yin sa.

Sarkin Zambo (Talata da dare)
Na sha ruwan, Gimbiya. Ga ni.

Ɗan Maraɗi, gwaninka ai baƙo,
Ba jinin gidan ba ne tun farko,
Ya ci ya ƙoshi ya kife ƙoƙo,
Ya bi Elvis yana masa amsawa.

Kun ce 'yan'uwa, ina 'yan'uwan?
Bill Shaw mai tena ɗan wane dangin?
Yaya, fadarki cike take da baƙin,
Tambarin haya kuke bugawa.

A 1965 ya bar su ya koma wata ƙungiyar mawaƙa huɗu mai suna Stamps, daga 1971 kuma ya zama ɗan amshin Elvis Presley. Ƙarya na yi?

Malam Aruli (Laraba da asuba)
Na shigo a makare, sai na tarar gida ya cika da guragu. Kawu, da girmanka, ka rubuta "A 1934 suka fara". Karanta shi da baki: alif ɗari tara da talatin da huɗu. Gaɓa 13 ke nan kafin a zo "suka fara". Ɗango ɗaya ya haɗiye abincin ɗango biyu. Magabata da za su sa shekara a waƙa ramzi suke yi a baitin ƙarshe, ba su jibga lamba a tsakar ɗango ba. Sarkin Zambo kuwa, "'yan'uwan" da "dangin" ba sa amsa juna, kuma "na fas" ba Hausa ba ce. Ga karin waƙa na Mutadarik, ku auna:

Waƙa da awo aka san ta da shi,
In babu awo an tabka rashi,
Ɗangon Kawu ya fara nishi,
Don lamba ta hana miƙewa.

Baban Larai
Allah ya ƙara sani, Malam. Yau dai an yi waƙa a dandalin nan.

Gimbiyar Kagoro
Baiti ɗaya tak, kuma ba ko sunan Blackwood a ciki. An auna buhu, an manta da hatsi.

Sarkin Zambo
Malam mai sikeli da ma'auni,
Baitinka tsaf amma ba launi,
Kana ƙirga gaɓa har ka hau tsauni,
Ba yaron da ya taɓa haddacewa.

Malam Aruli
Ɗangonka na farko gaɓa 10, na uku 11, kuma ƙafafun ba ɗaya ba. Wannan ba zihafi ba ne, wato ɗan sauyin da awo ya yarda da shi, karaya ce. Zihafi yana da doka.

Sarkin Zambo
Ni da kiɗa nake awo, Malam. Sa kalangu ka ji ko zai zame.

Malam Aruli
Makaɗi yana jan wasali ya cike rami, murya na rufa masa asiri. A rubuce ba mai rufa maka. In waƙar baka kake so, buɗe mata nata zaure.

Ɗan Maraɗi
Jama'a, J.D. fa muke magana.

Malam Aruli
Kai ma naka na zuwa. "J.D. Sumner aka ɗauko don bas ɗinsa" sai an yi gudu kafin a kai ƙarshe.

Kawu Ɗan Wusasa (Laraba da dare)
Malam, lambata tana nan inda na ajiye ta, masu karatu su ce "talatin da huɗu" su wuce. Amma batun awo ina bayanka, kuma su Blackwood ma suna bayanka. Mutanen kudancin Amurka na lokacin a makarantun koyon waƙa suka taso, inda kowane sauti na do, re, mi yake da siffarsa a takarda, siffa bakwai. Kamfanin Stamps-Baxter ke buga littattafan, ƙungiyoyi irin tasu na yawo suna rerawa suna sayarwa. Murya huɗu ba ta haɗuwa da ka. Duk wanda ya tsaya a layin mawaƙan coci ya san in mai tena ya riga da rabin bugu, kowa ya watse. Yanzu ga amsar yaron nan:

Elvis da kake gani da suna,
Wurin su Cecil ya fara neman zama,
Songfellows suka ce yaro koma,
Ƙofar bishara ya fara bugawa.

Ran da uwarsa Gladys ta rasu,
Blackwood ya ce a je a kira su,
Da shi ma ya kwanta, James na cikinsu,
Masu waƙa a wurin binnewa.

Ta uwar a 1958, tasa a 1977. To wa ke yi wa wani amshi?

Malam Aruli
"Suna" da "zama" da "koma". Kawu, goron na kanka.

Mai Fiyano na Jos (Alhamis)
Kuna ta Blackwood kamar su kaɗai ne. Statesmen fa, ƙungiyar da Hovie Lister ya kafa a Atlanta a 1948?

Statesmen sun fi su, ni dai na faɗa,
Hovie a kan fiyano ba ya tsayawa waje ɗaya,
Jake Hess ne ma Elvis yake koyi da shi,
Wanda bai yarda ba ya je ya yi tambayawa.

Baban Larai
Innalillahi. Malam, kada ka duba, hawan jini.

'Yar Zumunta (Alhamis da dare)
Mai Fiyano, baitinka Allah ya ba shi lafiya, amma kishiyar da kake nema musu babu ita. Ƙungiyoyin biyu tare suke yawon waƙa a shekarun 1950, kuma Statesmen suna Clanton ranar da jirgin ya faɗi. A farkon shekarun 1980 ma James da J.D. da Hovie da Jake Hess da Rosie Rozell suka haɗu suka zama Masters V. Na dawo kanka, ƙanena:

Bill Shaw da ka kira baƙon gida,
Ya fi shekara 20 yana fidda
Murya sama, bai taɓa yin ƙyuya ko gardama ba da,
Wanda ya daɗe haka ya wuce korewa.

Cecil ya riƙe har ƙarshen ransa,
James ya ba Jimmy ɗansa gurbinsa,
Billy ya zo ya tsaya bayan wansa,
Jinin da kake nema bai daina gudana ba, wa?

Cecil daga 1954 har rasuwarsa a 2000, shekara 46. James ya rasu a 2002. Bayan nan 'ya'yansa Jimmy da Billy suka sake ta da sunan. Lambar yabo ta Grammy 8 ke gidan.

Gimbiyar Kagoro
Ayyiriri!

Baban Larai
Wannan "wa?" ta ƙarshe da igiya aka ɗaure ta. Ɗango na uku na baitin farko kuwa ko Gimbiya ba za ta iya kare shi ba.

Sarkin Zambo (Asabar)
Network ya riƙe ni, ba tsoro ba.

Yaya kin ce fada guda ce,
Ɗan Cecil ma tasa ƙungiyar a kafe ce,
Kowane jika da motarsa a fake ce,
Wanne ne sarki, wa ke naɗawa?

In zan gayyato su bikin ƙanwata,
Wace Blackwood zan aika wa wasiƙata?
Ki ba ni amsa ki bar zagin gidan babata,
Ko ki ce Gimbiya ta taya ki guɗawa.

Malam Aruli
"Ce, ce, ce" sau uku ba amsa-amo ba ne, maimaici ne.

'Yar Zumunta
Malam, ka bar min shi tukuna. Ƙanena, bikin ƙanwarka da ko mai gurmi ba ka biya ba? Muna da koyon waƙa ƙarfe 4, in an tashi zan dawo maka da baiti uku, ɗaya na musamman kan wasiƙar.