Lambun tsakar gida a bazara: me zan bari, me zan tuge?

Maman Hanifa, Kano

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar shuka, domin ɗan lambun da na kafa a tsakar gidanmu tun cikin sanyi ya fara lalacewa da shigowar bazara. Faɗinsa bai wuce mita 2 ba, tsawonsa mita 3, yana jikin katangar gabas inda rana take dukansa daga hantsi har la'asar sakaliya, sauran tsakar gidan kuma duk siminti ne. Tumatirin da na dasa a ƙarshen Janairu yana yin fure sosai, amma furen sai ya kaɗe bai ƙulla ɗa ba, latas kuma ya yi tsawo ya yi ɗaci. Ina da alobera da moɗa da itacen ƙarya a cikin robobi, ga shi gindin aloberar ya yi laushi, ganyenta ya koma ja-ja. Kullum sai na sayi jarka 2 a wurin mai garuwa ina ba su ruwa safe da yamma, ban ware ko ɗaya ba. Shin ruwan ne ya yi kaɗan, ko kuwa akwai abin da nake yi ba daidai ba?

Manomin Rani, Kura

Wa alaikumus salam, Hajiya. Game da tumatir dai ba ruwa ne ya gaza ba, lokacinsa ne ya wuce. Mu da muke noman rani a yankin Kadawa da ruwan dam ɗin Tiga muna rainon iri tun ƙarshen damina, mu dasa da shigowar sanyi, domin furen ya faɗo a tsakiyar hunturu, shi ya sa kike ganin kwanduna sun cika kasuwar Kwanar Gafan daga Janairu zuwa Maris, daga nan kuma kaya su ja baya, farashi ya tashi. Idan zafin rana ya haura digiri 35, dare kuma bai yi sanyi ba, garin da ke cikin furen yakan bushe kafin ya yi aikinsa, sai furen ya zube. A Kano kuwa zafin watan Afrilu yakan kai digiri 40, ga katanga da siminti suna riƙe zafin suna amayar da shi cikin dare. Ko jarka nawa kika zuba ba za ki gyara wannan ba. Latas ma haka yake, da shi da kabeji da karas duk 'yan sanyi ne.

Shawarata ita ce ki tuge su ki sa abin da bazara ba ta razana shi. Alayyahu yana isa tsinka cikin mako 3 zuwa 4, kuma idan kika yanke shi sama da gindi zai sake tohowa. Kuɓewa tana son zafi, tana fara 'ya'ya cikin wata 2, sannan ga rama da yakuwa da lalo. A kusurwa ki sa zogale guda ɗaya, ki riƙa datse kansa idan ya kai ƙugu domin ya yi rassa, kada ya miƙe ya fi ƙarfin hannunki. Kafin komai ki lulluɓe ƙasar da buntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa kaurin yatsu 3, ki gauraya da ganyen darbejiya saboda gara, ki kuma yi rumfar zana ko tsohon asabari da za ta tare ranar azahar ta bar ta safe.

Maman Sadiya, Zariya

'Yar'uwa, abin da Malam ya faɗa a kan kayan miya haka yake, amma ni hankalina ya fi tashi a kan aloberarki, domin ita ruwan ne yake kashe ta. Alobera da moɗa da ƙarya duk masu ajiyar ruwa ne a jikinsu, biyun farko a ganye, ƙarya kuma a wannan kumburarren gindin nata, saboda haka saiwarsu tana buƙatar ƙasa ta bushe sarai tsakanin shayarwa da shayarwa. Idan aka jiƙa su safe da yamma a cikin roba, rana kuma ta dafa robar a kan siminti, saiwar ruɓewa take yi. Jan da kika gani a ganye alamar rana ce ta yi mata yawa, wannan mai sauƙi ne, laushin gindin shi ne abin tsoro.

Ki zare ta daga robar yau, ki kakkaɓe ƙasar, ki yanke duk saiwar da ta yi baƙi ko take wari da wuƙa mai tsabta, ki ajiye ta a inuwa kwana 3 har wurin yankan ya ƙame. Sannan ki mayar da ita cikin tukunyar ƙasa mai huda a gindi, ki haɗa yashi mai tsakuwa rabi, ƙasar lambu rabi, kada ki ba ta ruwa sai bayan mako guda. Daga nan sau ɗaya a mako ya ishe ta, kuma kafin ki zuba ki cusa yatsa a ƙasar, idan akwai danshi ki bari. Tukwanen ki ɗora su a kan bulo ko katako. Alobera da moɗa sun fi son ranar safe, ƙarya kuwa ki bar ta a tsakiyar rana, domin a rani take cika da jan furenta ko da ba ganye a jikinta, har ana danganta ta da karin maganar nan ta ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Sai dai ki kula, ruwan jikinta dafi ne, kada ki ajiye ta inda yara ko awaki za su kai gare ta.

Baban Ilu, Maraɗi

Da izinin Malam, ni ba zan ce a tuge tumatirin duka ba. Idan akwai irin ƙananan nan masu 'ya'ya kamar kanya, sun fi manyan jure zafi, kuma a ƙarƙashin rumfa sukan ba da ɗan abin miya. Abin da na fi so in yi magana a kai shi ne kuɗin ruwa, domin jarka 2 kullum a wuri kamar wannan ɓarna ce. Ki samo tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da komai ba, ki binne shi har wuya a tsakiyar fangalin, ki shuka kewaye da shi, ki riƙa cika shi kina rufe bakinsa saboda sauro. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikinsa kai tsaye zuwa saiwa, rana ba ta shanye shi ba. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk suna da amfani, amma ban da mai sabulu, ban da kuma wanda ya yini a tankin roba har ya yi zafi.

Maman Hanifa, Kano

Allah ya saka muku da alheri. Na zare aloberar, na tarar kusan rabin saiwarta ya ruɓe, na yi yadda Maman Sadiya ta ce. Saura tambaya ɗaya, Malam: maƙwabciyata ta ba ni buhun kashin kaji, shin in zuba kafin in shuka alayyahun?

Manomin Rani, Kura

Idan ɗanye ne kada ki zuba, Hajiya, domin yana da zafi ƙwarai, zai ƙone tsiron tun yana ganye biyu. Ki tara shi a gefe ki yayyafa ruwa ki rufe da buhu, kina juya shi lokaci-lokaci har warinsa ya tafi ya yi baƙi, zai yi miki amfani idan damina ta sauka. A yanzu ki nemi tsohon kashin awaki ko na tumaki wanda ya riga ya marmashe, ki cakuɗa da ƙasar, ki shayar da ita kwana 2 kafin ki watsa irin. Ranar da ya tsiro ki kifa masa tsohon gidan sauro, saboda ƙadangaru a bazara ba sa barin ɗanyen tsiro ya kwana.