Neman suna: idon da ya fito daga kwarminsa

Mai fassara, Aboabo: Assalamu alaikum. Muna shirya takardar wayar da kai da za a raba a masallatan Aboabo da Asawase, sai muka ci karo da kalmar da likitoci ke rubutawa a kati, wato proptosis. Na sa "kumburin ido", amma hankalina bai kwanta ba. Masana, a taimaka.

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam, Malam. A cire kumburi. Duk wanda ya ji kumburin ido a Kumasi, afolo, wato ciwon jan ido mai yaɗuwa, zai kawo a ransa, ya wuce kemis ya sayi maganin ɗigawa. A nan kuwa ƙwayar idon ba ta ƙara girma ba, wani abu ne a bayanta yake tunkuɗo ta. Kwarmin ido ƙashi ne ta ko'ina sai ta gaba, saboda haka duk abin da ya ƙaru a ciki, tsoka ce ko kitse ko ƙari ko mugunya, idon ne zai ba shi wuri. Tsofaffinmu "idanunsa sun firfito" suke cewa. Me zai hana firfitowar ido?

Likitan ido: Hajiya, bayaninki daidai ne, amma kalmar tana da matsala guda. Firfito na idanu biyu ne. Wanda ya fi tayar mana da hankali kuwa shi ne ido ɗaya. Yaro ya yi mura, fatar idonsa ta yi ja ta kumbura, ga zazzaɓi, idon ya fito kuma juya shi da ciwo: ƙwayoyin cuta ne suka ƙetaro daga kogon hanci. Wannan ba ya kwana a gida, sai a kwantar da shi a riƙa ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, wani lokaci a fasa mugunyar. Idan kuma ido ɗaya na fitowa cikin 'yan makonni babu zazzaɓi, ko ana hango fari a tsakiyar baƙin idon yaro, sankara ake tsoro, sai hoton cikin kai na asibiti, CT ko MRI. Kada uwa ta karanta "firfitowa" ta ce nata ɗaya ne, bai shafe ta ba. Ni "turowar ido" na zaɓa, don kalmar da kanta tana cewa akwai mai turowa.

Mai fassara, Aboabo: Dakta, to na manya fa? Na ga an haɗa shi da maƙoƙo. In ce "turowar ido ta maƙoƙo"?

Likitan ido: A'a, Malam. Maƙoƙon ƙarancin aidin ba ya turo ido, kuma wasu idonsu ya turo alhali wuyansu sumul. Cutar Graves ce ta fi kawo shi ga manya, mata sun fi yawa. Garkuwar jiki ce ke afka wa tayirod, wato gaɓar nan ta gaban wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, ta kuma afka wa tsoka da kitsen bayan ido. Za ka ga rama duk da cin abinci, bugun zuciya, zufa, rawar hannu, da farin ido a saman baƙin. Muna gwada TSH da T4, sinadaran da ke nuna aikin tayirod, a jini, mu auna fitowar idon da milimita. Bambancin da ya haura milimita 2 tsakanin idanu abin bincike ne. Baƙar fata idonmu ya ɗan fi fitowa tun asali, don haka tsohon hoton fasfo na da amfani ƙwarai, a zo da shi. Sa "turowar ido ta tayirod".

Mai harhaɗa magani, Alabar: Na goyi bayan turowa. Malam, a takardar a fara da taba: a turowar ido ta tayirod, mai shan sigari cutarsa ta fi tsanani, magani kuma bai cika kama shi ba. Mai sauƙi, hawayen kwalba (maganin ɗigawa mai jiƙa ido) da rana, man ido da dare, a ɗaga kai da matashi. In fatar ba ta rufuwa a barci a manne ta da filasta, in ba haka ba baƙin idon ya bushe ya yi gyambo. Carbimazole na daidaita tayirod amma ba ya mayar da ido. Mai tsanani ana ba shi methylprednisolone, maganin rage kumburi mai ƙarfi, ta jijiya, miligiram 500 duk mako har mako 6, sannan 250 har wasu mako 6, a asibiti, ana duba hanta da sukari. Ba na saye a shago ba ne. Kuma don Allah a rubuta: ban da nonon uwa, ruwan sukari ko tsimin ganye a ido.

Ma'aikaciyar jinya: Na yarda, Dakta, a bar firfitowa ga hira. Sai a ware jaririn da ƙwayar idonsa ce ta girma, yana hawaye yana gudun haske; wannan hawan jinin ido ne na haihuwa, ba turowa ba, shi ma na gaggawa ne.

Likitan ido: Haka ne, Hajiya. A ƙara da cewa wanda ya fara ganin abu biyu-biyu ya zo a duba shi. Wanda launin ja ya fara yi masa dishi-dishi kuwa, ko ganinsa ya ragu, jijiyar gani ce ta matsu, ya taho sashen ido na asibitin Komfo Anokye a ranar. Idan allura ba ta sassauta ba, ana cire wani ɓangare na ƙashin kwarmin don idon ya samu wurin komawa.

Mai fassara, Aboabo: Allah ya saka da alheri. Kan takarda: "Turowar ido". Dakta, zan turo maka sakin layin yara ka duba kafin Juma'a.